Fom ɗin SDQ da na cike wa yarinyar da nake riƙo

Masu riƙon yara da ke tambaya ko fom ɗin SDQ, wato takardar tambayoyin auna halayyar yaro da damuwarsa, abin dogaro ne, ga nawa ra'ayin. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila, Robert Goodman, shi ya fito da shi a 1997. Tambayoyi 25 ne kacal an kasa su gida biyar, damuwa, rashin ji, rawar kai, zama da tsara, sai kirki da taimako. Makin gida huɗun farko ake haɗawa daga 0 zuwa 40, in mai riƙo ne ya cike kuma ya kai 17 to a duba yaron da kyau. Sauƙi kam akwai shi, kafin shayi ya huce ka gama.

Amma fa ni na cike nawa, malamarta ta cike nata, da aka kwatanta sai ka rantse yara biyu ne. Kuma ba wanda ya yi ƙarya, a aji shiru-shiru ce ba ta ko ɗaga ido, a gida ne komai ke fitowa. Sannan fom ɗin halin watanni shida da suka wuce yake tambaya, to yaron da kwanan nan aka canza masa gida wa zai ba da wannan labarin? Kintace kawai mutum zai yi.

Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da babu su a ciki sam. Ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, manne wa baƙo kamar ta daɗe da saninsa, faɗuwa ta ji ciwo ta ƙi kuka, ba tambaya ko ɗaya a kai. Har maki mai kyau ta samu a wajen kirki, alhali ni na san tsoro ne ke sa ta rawar jikin faranta wa kowa, kar a sake mayar da ita wani gidan.

Daga baya ma'aikaciyar walwalar ta kawo mana wani fom daban mai suna BAC na Michael Tarren-Sweeney, tambayoyi 20, wanda don yaran riƙo aka tsara shi, nan ne na ga 'yata a takarda. SDQ ɗin zan ci gaba da cikewa in an kawo, amma sai an haɗa da na malama, in ta kai shekara 11 kuma ita ma ta cike nata da hannunta.