Nissan Murano ta 2003 zuwa 2007: injin mai ƙwari, giya mai cin aljihu

Duk wanda ya taɓa tuƙa Nissan Murano ta farko, wato samfurin 2003 zuwa 2007, zai gane dalilin da ya sa har yau ba ta rasa masoya ba. Cikinta yalwatacce ne, zamanta yana da daɗi, kuma da yake a kan ginshiƙin motar Nissan Altima aka gina ta, tana tafiya da laushi irin na ƙaramar mota duk da tsayinta. Injinta, VQ35DE, mai silinda 6 ne da girman lita 3.5 da ƙarfin doki wajen 245, kuma sarƙa ce ke daidaita shi ba bel ba, saboda haka mai motar ya huta da canjin bel lokaci-lokaci. Idan ana canza masa baƙin mai a kan kari, injin nan ba ya cika ba da kunya.

Inda gizo ke saƙar shi ne giya. Murano ba ta da giya mai hawa-hawa irin wadda makanikai suka saba kwancewa. Tana amfani da nau'in da ake kira CVT, ƙirar kamfanin Jatco, inda wani bel na ƙarfe ke gudu tsakanin faifai biyu masu matsewa da buɗewa. Tana sabuwa, direba ba ya jin ko alamar sauyin giya, amma idan ta manyanta sai ta fara nuna hali: kuka siriri da ke ƙaruwa da gudu, karkarwa wajen tashi, ko kuma abin da ya fi ban haushi, mutum ya yi doguwar tafiya cikin zafi, ya tsaya a mahaɗar hanya, ya taka totur motar ta riƙa jan ciki kamar an ɗaure mata ƙafa. A kashe ta a sake tayarwa, sai ta koma kamar ba ita ba, wanda hakan kan yaudari mutane su ɗauka matsalar ta wuce. Koke-koken sun yi yawa har kamfanin Nissan ya ninka garantin wannan giya a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga samfurin 2003 zuwa 2010, amma fa wannan wa'adi ya daɗe da ƙarewa ga kowace Murano ta farko.

Kuɗin gyaran ya danganta da inda ciwon yake. Idan ƙaramin moton da ke sauya matsayin giya ne ya mutu, ana iya sauke kwanon ƙasa a canza shi ba tare da an fitar da giyar ba, kuma da sauƙi. Idan kuwa bel ɗin ya zame ya kankare faifan, to sai dai a sauya giyar dungurungum, kuma a mota mai waɗannan shekaru kuɗin yana iya kusantar abin da ita kanta motar za ta yi a kasuwa. Yana da kyau a sani cewa man giya na musamman mai suna NS-2 aka tsara mata. Zuba mata man giya na yau da kullum daidai yake da yanka ta da hannunka.

Wadda ke ja da ƙafa huɗu tana da ƙarin ɗawainiya, domin akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin baya ya yi ƙaurin suna wajen yoyo. Man da yake ɗauka bai kai rabin lita ba, don haka ɗan jiƙon da za a gani a jikinsa a raina, shi ne zai busar da shi har haƙoransa su cinye juna. A ganina, wanda ba ya bin hanyar ƙanƙara ko taɓo bai da dalilin ɗora wa kansa wannan kaya.

Akwai kuma gyaran da kayansa ba su da tsada amma aikinsa ke cin lokaci. Idan aka zare koyil, wato abin da ke kai wa fulogi wuta, aka ga ƙafarsa ta jiƙe sharkaf da baƙin mai, robar ramin fulogi ce ta gaji, kuma da yake a manne take da murfin saman injin, galibi murfin gaba ɗaya ake canzawa. Silinda uku na gaba suna hannu, amma ukun baya sai an ɗage bututun shigar iska kafin a kai gare su, shi ya sa mai dabara ke haɗa canjin fulogai da na murfi a rana ɗaya don kada ya biya ladan aiki sau biyu.

Sauran matsalolin ba su taka kara sun karya ba: ƙarfen da ke riƙe kujerar direba yakan tsage har ta riƙa lilo, makarin rana na gaban direba yakan saki, tiyon man sitiyari yakan yi yoyo, bushin kuma sukan gaji kamar na kowace tsohuwar mota.

Ba zan hana kowa sayenta ba, amma zan zaɓi mai ja da ƙafafun gaba kaɗai, wadda ke da shaidar canjin man giya. Kada a wadatu da zagaye na minti biyar. A tuƙa ta aƙalla rabin sa'a a babbar hanya har giyar ta yi zafi sosai, sannan a tsaya cak a sake tashi, a kuma sa kwamfuta ta duba ta kafin a fara maganar ciniki.