Sharhi kan Google Drive: ajiya mai kyau, amma makullin ba a hannunka kaɗai yake ba

Ga ɗalibi ko ɗan kasuwa a Zariya, Google Drive ya cancanci yabo wajen ajiye takardu. Kyauta ake samun 15GB, sai dai Gmail da Google Photos duk daga nan suke ci, kuma daga 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android ma ta shiga lissafin. Shi ya sa wuri ke cika da wuri, saƙon imel ya daina shigowa.

Ta fuskar tsaro, Google na kulle fayil yayin da yake tafiya da kuma bayan ya sauka a rumbunsu. Matsalar ita ce makullin na hannun kamfanin, kamar mai gidan haya da ya riƙe kwafin makullin ɗakinka. Idan hukuma ta zo da umarnin kotu, za su iya buɗewa. Don haka takardar fili, hoton katin NIN ko sakamakon asibiti, a fara kulle su da manhajar 7-Zip, a zaɓi tsarin kullewa na AES-256, a sa doguwar kalmar sirri, sannan a ɗora. Proton Drive kuwa, wani rumbun ajiya irin Google Drive, tun daga wayarka yake kullewa, amma 5GB kawai yake bayarwa kyauta.

Mafi yawan ɓarnar ma ba daga Google take zuwa ba. A shagunan buga takardu na Samaru da Kongo, ɗalibi zai shiga asusunsa a kwamfutar shago don firintin furojet, ya karɓi takarda ya tafi bai fita daga asusun ba. Wanda ya zauna a kwamfutar bayan tafiyarsa ya ga komai. Maganin shi ne a buɗe Security a shafin asusun, a duba jerin na'urorin da ke ciki, a fitar da duk wadda ba a sani ba. Haka nan wajen tura wa wani fayil, zaɓin "Anyone with the link", wato duk mai mahaɗin (link) zai iya buɗewa: da zarar mahaɗin ya faɗa guruf ɗin aji, ya fita daga hannunka. A mayar da shi "Restricted", a rubuta imel ɗin wanda ake nufi.

Abin da ya fi damuna shi ne dogaro da layin waya. Lambar tabbatarwa ta SMS tana bin layi ne, ba mutum ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa na iya sayar wa wani, kuma kafin a yi welkombak na wanda aka sace, ɓarawo ya riga ya karɓi saƙo. Gara a koma Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambar tabbatarwa a cikin wayar ba tare da layi ba, a kuma sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10, a rubuta a takarda a adana a gida.

Abin da aka goge yana kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi har abada, kuma asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba Google na iya share shi. Furojet ɗin ƙarshe dai a ajiye kwafinsa a filash.