Kumfar gilashi: allo, tsakuwa, ko farin soso?

Duk wanda ya fara ɗaga kumfar gilashi sai ya yi mamaki: a ido kamar dutse, a hannu kuwa ba nauyi. Fasassun kwalabe ne da gilasan tagogi ake niƙewa, a zuba musu ɗan garin gawayi ko farar ƙasa, a gasa a zafin digiri 800 zuwa 900. Sai garin ya kumbura, ya cika da ƙananan ramuka rufaffu. Iskar da ta maƙale a cikinsu ita ke tare zafi da sanyi.

Ana amfani da ita a gini don wannan aikin, kuma iri biyu ake sayarwa: tsakuwa da allo. Kafin ka saya, duba inda za ka sa ta: akwai danshi? Akwai nauyi a kai?

Idan ƙarƙashin daɓe ne ko harsashin gini, ni tsakuwarta zan ce ka ɗauka, irin ta kamfanin Misapor ko Glapor. Ana zubawa a danne ta da inji, kaurin santimita 13 ya koma 10, don haka ka lissafa wannan ragin tun wajen awo, kada kaya su yanke maka ana tsaka da aiki. Tana ɗaukar nauyi, ruwa yana tsiyayewa ta tsakaninta, kuma kusan dukkanta tsohon gilashi ce. Sai dai alkaluman wucewar zafinta, wato ma'aunin yadda zafi ke ratsa ta, wajen 0.08 ne, ninki biyu na allo, shi ya sa take son kauri kafin ta tare zafi kamarsa.

Allon, irin na kamfanin Foamglas, yana wajen 0.04. A shimfiɗaɗɗen rufi da bangon da ke cikin ƙasa ba shi da na biyu, domin ko tururi ba ya ratsa shi. Ba ya cin wuta, gara da ɓera ba su da abin ci a jikinsa. Amma yana da tsada, ga saurin karyewa. Da zarto ake yanka shi, yana zubar da baƙin gari mai kaushi har da ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai, sannan a manna shi, galibi da kwalta. Magini mai gaggawa zai farfasa maka gefunansa.

Farin soson roba na polistirin da audugar dutse, wato zaren da ake yi da narkakken dutse, sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma tare zafinsu bai gaza na allon ba. Soson yana narkewa a wuta, audugar kuma idan ta jiƙe aikinta ya ragu. A busasshen bango ko saman silin, audugar dutse ta wadatar, ka adana kuɗin allon don wurin da ruwa ke kwanciya.