Wani gidan gem a titin Gidan Zoo

Daga cikin gidajen gem da ke titin Gidan Zoo a Kano, akwai wani a saman bene da ya cancanci yabo, domin mai shi ya zuba na'urorin PlayStation 5, wadda kamfanin Sony ya fitar a 2020, ya kuma haɗa su da manyan talabijin masu hoto tangaran. Yawancin matasan wasan ƙwallo ne ke kawo su, wanda har yanzu suke kira FIFA, ko da yake tun 2023 aka sauya masa suna zuwa EA Sports FC. Abin da ya fi burge ni shi ne sola da batiran da aka tanada, ta yadda ko an ɗauke wuta ana tsaka da bugun fanareti, allon ba ya ko ƙiftawa. Ana kuma tsayar da wasa da zarar an kira salla.

Sai dai abubuwan sarrafa wasan na hannu suna buƙatar gyara, domin wasu sandar hagunsu ta saki, sai ka ga ɗan wasanka yana karkata gefe ba ka taɓa komai ba. Masu son wasan faɗa na Naruto, jarumin wani katun na Japan, kuwa, na'ura ɗaya tak aka ware musu, kuma layinta yakan yi tsawo da yammacin Asabar.