Kumburin jijiyoyin maƙoshi: propranolol ko masu hana tsiron jijiya?

Malam, ka yi tambaya a zauren nan: a gwajin da ake yi kan dabbobi, wane magani ne ya fi hana jijiyoyin maƙoshi kumbura ga mai ciwon hanta, propranolol ko magungunan da ke hana sababbin jijiyoyi tsirowa?

Idan hanta ta ƙandare, jinin da ke tasowa daga hanji ba ya samun wucewa cikin sauƙi. Sai ya taru, ya nemi ɓarauniyar hanya, har jijiyoyin ƙasan maƙoshi su kumbura. Ranar da suka fashe, aman jini ne mai iya kisa. Masu bincike kan jawo wa ɓeraye irin wannan hali ta hanyar ɗaure wani sashe na jijiyar da ke kai jini hanta, ko lalata hantar da sinadari, ko sa musu tsutsar tsargiyar hanji.

Propranolol yana rage bugun zuciya, yana kuma tsuke jijiyoyin hanji, jinin da ke kwarara zuwa hanta ya ragu. A 1991 Sarin da Groszmann da abokan aikinsu sun nuna cewa ya rage yawan jinin da ke kauce wa hanta a ɓeraye masu tsargiya. Ɗaya ɓangaren, wato na magungunan hana tsiron jijiya, ya zo da tunani dabam. Binciken Fernandez da abokan aikinta a Basalona, a 2004, ya nuna cewa hanyoyin nan ba buɗewa kawai suke yi ba, jiki ne ma ke gina sababbi da taimakon wani furotin mai suna VEGF. Da aka toshe aikinsa, sai suka ragu. Sorafenib, maganin dajin hanta, ya yi makamancin haka a ɓeraye a 2009.

A ɓera, to, kowanne ya yi abin kirki. Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne abin da ya faru da aka zo kan mutane. A 2005 Groszmann ya fitar da sakamakon gwajin timolol, ɗan gidan su propranolol, kan mutum 213 masu ƙandararriyar hanta da jijiyoyinsu ba su kumbura ba tukuna. Bayan bibiya ta fiye da shekara huɗu, kashi 39 cikin ɗari na masu shan maganin sun samu kumburin ko zubar jini, na rukunin da ba a ba su timolol ba kashi 40. Munanan illoli kuwa sun fi yawa ga masu shan timolol.

Dalili a ganina a fili yake. A ɓera galibi ana fara magani tun farkon cutar, ana auna jinin da ya kauce wa hanta cikin 'yan makonni. Mutum kan zo asibiti ne bayan hantarsa ta shekara da shekaru tana lalacewa.

Duk da haka propranolol na fi amincewa da shi, saboda an san shi ciki da bai. Yana rage haɗarin fashewar jijiyoyin da suka riga suka kumbura, kuma gwajin PREDESCI na Sifen a 2019 ya nuna amfanin irinsa ga waɗanda matsin jininsu na hanta ya kai 10 a ma'aunin matsin jini (mmHg), musamman wajen hana ruwa taruwa a ciki. Sorafenib yana da illoli masu nauyi, ba a kuma ba da shi don rigakafin wannan kumburi. Kada wani ya fara shan ɗayansu ba tare da likitan hanta ya duba shi ba.