Wane taki ya dace da mai lambu a Legas?

Duk wanda ya baro Kano ko Zariya ya kama lambu a Ojo, ko gefen titin Iba, ko can Ikorodu, ya san ƙasar nan ba irin ta gida ba ce. Akasarinta rairayi ne, ba ta riƙe ruwa balle taki. Ga ruwan sama da ke haura milimita 1,500 a shekara, ya sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Yanzu ma ya rage bin wannan tsari, sai ya yi shiru har alayyafo ya fara yaushi, sannan ya kece a dare ɗaya ya shafe fangali. Saboda haka kafin ka kai kuɗinka ko'ina, tambayi kanka: wane taki ne zai zauna a wannan ƙasa bayan an ɗauke ruwa?

Yuriya ce kowa ke fara tunawa. Kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, shi ya sa kwana kaɗan bayan an zuba ganye ke yin kore shar. A nan kusa ma ake yin ta, tun da aka buɗe masana'antar takin Dangote a Ibeju-Lekki a watan Maris na 2022. Amma yadda take saurin aiki haka take saurin gudu. Ka watsa ta a sarari cikin rana, wani kaso ya tashi iska. Ruwa ya sauka, saura ya zarce ƙasa inda saiwa ba ta kai ba. Zuba ta a rairayin Ojo cikin watan Yuni kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Kamfa, wato mai lamba 15-15-15 ko 20-10-10, ta fi ta cika, tattasai da tumatir na son ta, sai dai tun yaƙin Rasha da Yukren a 2022 da faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin mai lambu, kuma ita ma ba ta gyara jikin ƙasa.

Ni dai kashin kaji nake saye, wanda ya ruɓe, kuma shi nake ba kowa shawara. Gonakin kaji sun cika Ikorodu da Epe da ƙauyukan Ogun da ke maƙwabtaka da mu, masu su neman wanda zai kwashe musu suke yi, don haka kuɗin mota ya kan fi kuɗin kashin kansa. Abin da yake yi wa rairayi ba wani buhun kanti da zai yi. Yana sakin abincinsa a hankali, yana sa ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi, ta riƙe danshi. Fangalin da ya sha kashin kaji damina biyu, in ka dumbuzo ƙasarsa ka matse a tafin hannu za ta dunƙule, ka buɗe ka ga tana na motsi a ciki. Na maƙwabcinka mai yuriya zalla kuwa zubewa zai yi ta tsakanin yatsu. A rani ake ganin ribar wannan: ban ruwa ya ragu, wanda ke jan ruwa da inji ya rage sayen fetur, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Kashin kajin iri biyu ne, kada a haɗa maka su a farashi ɗaya. Akwai na kajin ƙwai da ke cikin keji, shi zalla ne, ya fi ƙarfi, ya fi wari. Akwai na kajin nama da ake shimfiɗa wa garin katako. Wannan na biyun in katakon ya yi yawa, yayin da yake ruɓewa naitirojin ɗin ƙasar yake janyewa, sai ka ga latas ya yi rawaya alhali jiya-jiya aka ba shi taki. Kowanne ka samu, ɗanye ba ya shiga fangali. Yana ƙone saiwa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa zawo da zazzaɓi, mu kuwa latas da kokwamba da albasa mai lawashi muke kaiwa kasuwar Mile 12, abubuwan da ake ci ba dahuwa. A tara shi tsibi a inuwa, a haɗa da busasshiyar ciyawa da ragowar ganyen lambu, a yayyafa ruwa, a rufe da leda ko tamfol, a riƙa juyawa duk mako ko biyu. Cikinsa zai ɗau zafin da hannu ba ya jurewa, zafin ne ke kashe cuta da irin ciyawa. Bayan kamar wata biyu zai huce, warin ya tafi, ya koma ƙanshin ƙasa.

Wani zai ce, "Malam, filin nan fa ba nawa ba ne, gobe ana iya korata a dasa bulo, don me zan gyara wa wani ƙasa?" Gaskiya ce, yawancinmu a filin aro ko na haya muke. Amma alayyafo da lalo wata guda zuwa mako shida ake yanka su, kafin mai fili ya tuna da kai ka ci moriyar takinka sau da dama.

Kashin shanu na mayankar Oko-Oba a Agege ba laifi, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, ga nauyi, ga irin ciyawa. Takin bola kuwa ka bar shi inda ka gan shi: a garin da ake zubar da batir da kwalba da ragowar magani wuri ɗaya, guba za ka kai wa masu sayen ganyenka. Takin ruwa da ake tallarsa a 'yar kwalba ana cewa murfi ɗaya ya isa eka, ban ga abin da zan ce a kansa ba.

Akwai kuma inda takin da ruwa ya wanke yake ƙarewa. Akasarin kwatar garin nan a babban tafkin Legas da rafukansa take zubewa, inda kifi da ƙaguwa da jatan lande ke hayayyafa a gindin itatuwan bakin ruwa, inda har yanzu ake samun ayu. Taki da ƙazantar gari ne ke ƙara ciyar da ciyawar nan mai yawo a kan ruwa, wadda tun shekarun 1980 take toshe wa masunta da jiragen Ikorodu hanya, ta kuma shaƙe kifi. Yuriyar da ta yi yawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana fitar da wata iska da ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya kusan ninki 270. Kashin kaji ma in ka jibge shi a bakin kwata haka zai bi ruwa, don haka a ɗaga tsibin nesa da magudana.

Sai maganar algus, wadda ta fi komai ci mini rai. An taɓa sayar mini da buhun da bakinsa fari tas, ƙasansa yashi da tsakuwa. Da na koma, mai shagon cewa ya yi, "Haba Alhaji, haka kamfani ya kawo." Akwai dokar kula da ingancin taki tun 2019, amma ba ta tsaye a bakin shago lokacin da kake ciniki. Kai ne za ka duba. Juya buhun ka kalli ɗinkin bakinsa, in zare kala biyu ne ko ga ramukan tsohon ɗinki, an buɗe an sake ɗinkewa. A ɗora a sikeli a gabanka, kilo 50 aka rubuta. Ɗebi daga tsakiya da ƙasa, ka zuba cikin kofin ruwa: yuriya ta gaskiya narkewa take yi ƙaf, kofin ya yi sanyi a hannu, duk abin da ya kwanta a ƙasa ba ita ba ce. Mai sayarwa a mudu daga buɗaɗɗen buhu ya fi kowa damar haɗi.

Masu kashin kaji ma sun koyi hali. Suna cika buhu da garin katako su lulluɓe samansa da kashi, ko su jiƙa shi ya yi nauyi, ko su ce maka ya ruɓe alhali jiya aka share shi daga ɗakin kaji. Zura hannu har gwiwar hannu. In ka ji ɗumi, ko wari ya soki hancinka ya sa ka hawaye, ɗanye ne, ka biya kuɗin ɗanye. Mafi kyau ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauki mota ɗaya zuwa gonar kajin da kanku, a loda a gabanku, tun cikin rani kafin ruwa ya jiƙa shi hanya ta lalace. In ganye ya nuna yunwa daga baya, sai ka sayi yuriya kaɗan, ka tona gefen shuka ka binne, ranar da ba hadari.