Ɓangaren Faransanci ko na Ingilishi? Amsa ga ƙanwata ta Garwa

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce 'yarki za ta cika shekara 4 kafin Satumba, maigidanki yana so a kai ta ɓangaren Ingilishi na makarantun Kamaru saboda danginsa na Yola, kuma an gaya masa GCE, jarrabawar sakandare ta wannan ɓangaren, ta fi sauƙi. Ke kuwa Faransanci kika yi har kika ɗauki BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare, zuciyarki ba ta kwanta ba. 'Ya'yana huɗu, biyu sun bi nan, biyu sun bi can, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

A tsawon shekaru babu wanda ya fi wani. Dokar ilimi ta 1998 ta bar wa Kamaru tsari biyu, kowanne da jarrabawarsa. Duka biyun ana yin shekara 2 a ajin rainon yara, sai 6 a firamare. A Faransanci ana farawa daga SIL, a bi ta CP, CE1, CE2, CM1, a ƙare a CM2 da CEP, jarrabawar kammala firamare, da ta shiga siziyem, wato ajin farko na sakandare. A Ingilishi aji 1 ne zuwa aji 6, a rufe da FSLC, tasu jarrabawar kammala firamare, da ta shiga sakandare. Sakandare shekara 7 ce ko'ina, rabon ne ya bambanta: Faransanci 4 da 3, Ingilishi 5 da 2. Kowane ɓangare kuma ana koyar da harshen ɗayan a matsayin darasi tun daga firamare.

Inda maigidanki yake da gaskiya shi ne wajen jarrabawa, kuma ba zan rage masa komai ba. Ɗan Faransanci ƙofa uku zai wuce a sakandare: BEPC, sai furobatuwar a aji na shida, sai bak, jarrabawar kammalawa, a tarminal, wato ajin ƙarshe. Ta tsakiyar nan ita ce mai karya gwiwa, domin wanda bai ci ta ba, ba ya taka tarminal. Ana tara masa darussa duka, kowanne da nauyinsa, a fitar da matsakaici, a ƙa'ida ana neman 10 cikin 20. Babban ɗana gwanin lissafi ne, amma rubutun bayani da Faransanci ya hana shi sakat, ga tarihi da labarin ƙasa suna jan makinsa ƙasa. Sau biyu ya zauna furobatuwar. Ranar da sakamakon farko ya fito, ya dawo gida ya kwanta a kan tabarma fuskarsa ga bango, ko tuwon dare bai taɓa ba.

A GCE ba haka ake lissafi ba. Hukumarta da ke Buya, wadda aka kafa a 1993, darasi-darasi take ba da sakamako. Wanda ka ci naka ne, wanda ka faɗi ba ya cinye sauran. A matakin O, bayan shekara 5, yaro yana ɗaukar darussa da yawa, ciki har da Ingilishi da Faransanci da lissafi. A matakin A sai ya tattara ƙarfinsa a kan kaɗan, ba su wuce 5 ba, kuma cin 2 yana iya buɗe masa ƙofar jami'a. Yaron da Allah ya ba baiwa a fanni ɗaya yana samun numfashi a nan. Amma kada a kira wannan sauƙi. Darussan matakin A suna da zurfi, kuma yaro tun yana ɗan shekara 16 ko 17 ya ajiye wasu fannoni har abada. Ɗan bak ya fi shi faɗin sani, har falsafa yake yi a tarminal. Shi kuma ya fi ɗan bak nutso a abin da ya zaɓa.

Duk wannan maganar shekara goma ce nan gaba. Abin da zai raba gardama a gidanki yana nan kusa: wa zai zauna da yarinyar nan bayan magariba? 'Ya'yanmu a Garwa da Hausa suke tashi a gida, Fulatanci a titi da kasuwa, Larabci a makarantar allo. Harshen lakwal, wato makarantar boko, shi ne na huɗu. Idan Faransanci ne, tana jin sa a asibiti, a rediyo, a bakin ɗan sanda, tana ganinsa a allunan shaguna, ga ki kuma da BEPC ɗinki kina duba mata littafi. Idan Ingilishi ne, da an tashi daga makaranta ya ƙare sai gobe.

Na ga haka da autata. Tana aji 2 ta zo mini da littafinta, rubutu tsaf kamar na inji, ta karanta mini shafi guda ba tuntuɓe. Na sa yatsa a kan kalma ɗaya na ce mece ce wannan da Hausa, sai ta yi shiru tana kallona. Hadda ce kawai, irin wadda ta saba da ita a allo. Ni ma ba ni da abin da zan ba ta, don Ingilishina bai wuce gaisuwa ba. Sai da muka ɗauki mai koya mata a gida shekara uku, muna biya kowane wata, kafin ta fara fahimtar abin da take karantawa. Yayyenta na Faransanci ban taɓa biya musu ko sisi don wannan ba, ni na zauna da su.

Ga kuma maganar kuɗi da nisa. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, ko da yake kin san akwai na ƙungiyar iyaye, APEE, da littattafai da kayan makaranta. Firamaren gwamnati ta Faransanci tana kusan kowace unguwa. Ta Ingilishi ba ta kai haka yawa ba a Arewa, shi ya sa iyaye da yawa suke ƙarewa a makarantun kuɗi, wasu ma sunan "mai harshe biyu" ne kawai a jikin allon ƙofa. A cikin Garwa da Marwa da Ngaundere akwai lise, wato manyan sakandare, masu harshe biyu da yaro zai bi har matakin A. Amma idan aiki ko kasuwa ta mai da ku ƙaramin gari, kina iya rasa ajin da za ta ci gaba. Ɗan maƙwabciyata haka ta same shi: ya kai aji 4 a Ingilishi, suka ƙaura, aka mai da shi CE1 cikin yaran da ya girma. Wannan sauyin tsakiyar hanya shi na fi ji miki tsoro fiye da kowane ɗaya daga cikin tsarin biyu.

Bayan sakandare fa? Jami'o'in da ke kusa da mu, Ngaundere da Marwa da sabuwar ta Garwa, yawancin karatunsu da Faransanci ake yi, ko da yake ana karɓar mai GCE. Masu koyarwa da Ingilishi zalla su ne Buya da Bamenda, kuma kin san rikicin da yankunan nan biyu suke ciki tun 2016. Idan da gaske niyyar maigidanki ita ce ta yi jami'a a Yola ko Maiduguri, to Ingilishi zai share mata hanya. Wani abu kuma da mutanenmu ba su cika lura da shi ba: a ɓangaren Faransanci, daga aji na uku na sakandare ana zaɓar ƙarin harshe, kuma Larabci yana cikin zaɓin a makarantun da ke da malaminsa. Yarinyar da ta yi allo da Islamiyya riba ce gare ta.

Da ni ce ke, Faransanci zan kai ta, tunda ke ce malamarta ta gida, in ya so a riƙe darasin Ingilishi da kyau, hutun ƙarshen shekara kuma ta riƙa yin sa wurin gwaggonninta a Yola. Idan ta yi ƙarfi a harsunan biyu, akwai ajin musamman mai harshe biyu a wasu lise da za ta nema daga siziyem. Idan kuma maigidan ya tsaya a kan Ingilishi, ku je makarantar tare kafin ku biya komai. Ku roƙi a bar ku ku zauna a bayan aji 3 na ɗan lokaci, ku ji ko yaran suna amsa tambaya da bakinsu ko maimaitawa kawai suke yi, sannan ku tambayi shugaban wace sakandare ɗalibansa na bara suka shiga.